Jar Hular Kawu da Makeron Samari

Ni dai tun da Inna ta haife ni, ciwon fata bai taɓa sanin hanyar jikina ba. A zamanin samartakata, in na tuɓe riga a bakin rijiya, mata sukan manta da guga a cikin ruwa. Ƙuda in ya sauka a kafaɗata, santsi ke kwashe shi ya faɗi ƙasa ya gurɗe. Daga Madawa har Keita, ka biyo ta Buza ka dawo, ba a yi kai mai tsabtar nawa ba. Wannan shi ne abin da nake faɗa in matata ba ta kusa. To, yau tana tsakar gida tana tsintar wake, kunnenta kuwa yana jin har tafiyar alƙalami a kan takarda, saboda haka bari in faɗi yadda aka yi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a gefen fadama, tsakanin Galma da Deule. A lokacin da nake magana, makero ba baƙo ba ne, ɗan gari ne, har ya fi wasu mutane dangi. Shi ne tabon nan mai zagaye kamar an kifa bakin ludayi a fata, gefensa da ɓawo fari-fari, in a ka ya fito kuma gashin wurin ya kakkarye ya zube. Da wuya ka shiga gida mai yara ka fito ba ka gan shi ba. In yara suka jeru a rana da hantsi, kawunansu sai ka ce gonar da fara ta ci ta bar saura. Manya kuma nasu ƙyasbi ne, farin dabbare-dabbaren nan da ke bin kafaɗa da ƙirji in zafi ya yi zafi, gumi ya kwana a riga. Da damina kuwa tsakanin yatsun ƙafa ke yin fari ya tsattsage, don mutum ya wuni cikin laka. Kowa da rabonsa. In ka tambayi daga ina abin yake zuwa, tsofaffin mata su ce fitsarin tsaka ne, wasu su ce gado ne, wasu su ce ai haka Allah ya yi yaro.

Amma akwai ƙa'ida guda da kowa ya sani: makeron ka na yara ne. In gemu ya fara tsiro, shi kuma sai ya yi sallama. Saurayin da ya isa zuwa zance aka gan shi da makero, gara a ce an kama shi yana shan nonon uwarsa.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Turawa, kawuna, ƙanen Inna, yana cikinsu. Ya tafi da ƙuruciyarsa ya dawo da muƙamin kafaran na soja, da ɗingishi kaɗan, da wani bargo mai kaushi kamar harshen sa, da jar hula irin ta soja. Ban taɓa ganin ja irin nata ba. In ya sa ta ya ratsa gari, zakaru sukan sunkuyar da kai don kunyar nasu zankon. Na yi kwana da kwanaki ina zuwa gaishe shi sau uku a yini, ina gaida shi idona yana kan hula. Ran nan ya gaji, ya cire ta ya kifa mini a ka, ya ce, "Ɗauki, ɗan ƴar'uwata, kahin idonka shi huda ta. Ta ga teku, ta ga ƙasar da ruwa ka daskarewa. Ka riƙe ta da mutunci."

Ku gane, ni ba ni da doki, ba ni da riga mai aiki, tsawo ma Allah ya ba ni daidai na shiga rumbu. Ubana ya rasu ina ƙarami, gonarmu ba ta fi a yi mata fitsari a zagaye ba. Amma daga ranar na zama mai hula. Yara suna bi na, tsofaffi suna amsa gaisuwata da cikakken baki. Kuma kawun nan yana da ɗiya, taubashiyata, baƙa siririya mai bakin da ya fi barkono, wadda tun muna yara take kira na gajere bawan gidansu. Na riga na ƙudura a raina cewa bayan kaka, da hular nan a kaina zan je in durƙusa gaban ubanta in nemi a ba ni ita.

Kafin in wuce, bari in ba ku labarin wata bajinta da na yi a ƙarshen daminar nan, don tana da amfani nan gaba, ko da yake a lokacin ban san irin amfaninta ba. Ƙoramar bayan gari ta kawo ruwa, wani dattijon Bafulatani da ke zaune kusa da mu da shanunsa yana son ƙetarewa, ga wani maraƙi ya ƙi shiga. Taubashiyata tana bakin ruwa tana wanki da ƙawayenta. Ni kuwa da na ga ƴan kallo sun cika, sai na ajiye hula a kan dutse, na sunkuya na saɓa maraƙin nan a wuya, ƙafafunsa biyu a kowace kafaɗa, na ratsa ruwa da shi. In ina ba da labarin a kasuwa nakan ce bijimi ne. Maraƙi ne, kuma ramamme, da wasu faci-faci masu launin toka a wuya da gefen ido inda gashi ya zube. Na ɗauka irin zanen da Allah ya yi masa ke nan. Na dawo ina haki, gumi yana zuba, na mayar da hulata na danna ta har ƙeya.

To, a garinmu saurayi ba ya hana tsaransa kayan ado. Wannan ba alheri ba ne, doka ce. Riga ɗaya mai aiki takan kai samari da yawa gidan surukai, takalmi ɗaya yakan san ƙofar budurwa goma. Wanda ya hana aro, ranar bikinsa shi da uwarsa za su yi guɗa. Abin da ake bukata kawai, in ka dawo da kaya ka sako goro ɗaya a ciki. Da aka gama yankan hatsi, aka ɗaure dammuna, lokacin zance da cin kasuwa ya zo, sai hulata ta shiga yawo. Babban abokina, wanda muka yi kaciya rana ɗaya, shi ya fara kai ta Urno wurin wata yarinya. Ya dawo ya ce tun daga bakin gari aka fara shimfiɗa masa tabarma. Daga nan sai layi. Ta je Deule, ta je Galma, ta ci kasuwar Madawa har ta san masu albasa da sunayensu. Dokin kumandan, Baturen da ke mulkinmu, bai yi tafiyar da hular nan ta yi ba. Ranar da take wurin wani, ni sai in kifa malfa, in zauna ina cin goro kamar mai gari. Haƙorana sun yi ja a kakar nan har suka fara gasa da hular.

Ba a yi wata biyu ba, abokin nan nawa ya ja ni bayan rumbu, ya duba gabas ya duba yamma, ya sunkuyar da kai ya nuna mini. Ga shi nan sama da kunne, zagaye, fes, kamar an auna.

Na ce, "Wanga mi na? Ko ka koma shan nono?"

Ya ce, "Bari, don Allah. Yarinyar ta gani. Ta ce in tahi in girma in dawo."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ban san dariyar da ake ajiye wa mutum tana haihuwa ba.

Bayan shi sai wani, sai wani. Kafin sanyi ya kama sosai, kusan duk tsaranmu sun zama yara. Samari masu gemu suna tafiya suna karkata kai gefe guda don ɓoye tabo, kamar jakin da aka ɗora wa kaya ba daidai ba. Ƴan matan Urno suka sa wa garinmu suna, wai garin da ba a girma. Aure biyu da aka kusa sa rana suka tsaya cak.

Ni da yake ni ne mai lafiya a cikinsu, sai na naɗa kaina mai bincike. Na zauna na yi tunani mai zurfi na tsawon cin goro ɗaya, na gano mai laifi: wanzaminmu. Tsoho ne mai ido ɗaya da rabi, shi ya yi wa ubannin garin aski, shi ya yi mana kaciya, kuma da aska ɗaya yake bin kan yaro mai makero da kan babba, sai dai ya goga ta a cinya ya ce na gaba. Na bi gari ina faɗa. Kuma don in nuna da gaske nake, na rantse askarsa ba ta ƙara taɓa kaina. Na bar suma ta taru a ƙarƙashin hula. Ƙeyata tana ɗan yi mini ƙaiƙayi a lokacin, amma duk wanda ya tara suma ai ya san da ƙaiƙayi. Madubi ɗaya ne a gidanmu, ɗan guntu na Inna, shi kuma fuska kaɗai yake nunawa, fuskar kuwa ba ta da laifi.

Maganata ta kai kunnen wanzami. Bai zo ya same ni ba, sai ya tafi wurin mai gari, aka kira ni. Na same su a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, da dattawa, da kawuna yana zaune ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

Wanzami ya ce, "Ranka shi daɗe, aska tana ɗaukar makero, ban musa ba. Tabarma ma tana ɗauka, matashin kai yana ɗauka, yaran da ka kokawa kai da kai suna ba juna. Na daɗe ina ganin haka. Amma ni askata ba ta zuwa Urno zance. Ku dubi samarin ga. Kowane, tabonai yana daidai inda bakin hula ka zama. Ɗan liman, da ubanai ya hana shi sa kayan soja, ni ka yi mai aski duk sati, ku tai ku duba kainai."

Kowa ya juyo yana kallon kaina. Na ji hular ta yi nauyi.

Mai gari mutum ne mai son a gama magana kafin fura ta tsinke. Ya ce, "To, in hula ta, a ƙone ta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, a yi adalci. Wa ya hi kowa sa hulag ga? Ni na. Su aron yini guda suka yi, ni da ita nike kwana, da ita nike tashi. In tana da ciwo, ni za ta hwara ba. Ga ni kuwa garau."

Maganar ta shiga. Mai gari ya dubi kawu, kawu ya ɗaga kafaɗa. Aka yanke cewa ran Juma'a bayan la'asar a taru a nan, wanzami ya aske ni a gaban kowa. In kaina ya fito da tsabta, hula ta kuɓuta, wanzami ya nemi gafara. In ba haka ba, wuta.

Na koma gida ina taku ɗai-ɗai. A hanya na gamu da taubashiyata ta ɗauko ruwa. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, tafiyar da ba ta da nisa.

Ta ce, "Gajere, an ce ran Juma'a za a buɗe tukunya."

Na ce, "Za a buɗe, ki zo da wuri ki samu wurin zama. Ki zo da ƙawayenki su ga kan da ba a yi irinai ba."

Ta ce, "Ai ko ana ruwan ƙanƙara sai na zo. Na ma hwaɗa ma Innata ta dahwa tuwo da wuri." Ta yi gaba, sannan ta waiwayo. "Mi ya sa kake ta sosa ƙeya kamar kare ya ga baƙo?"

Na ce suma ce. Ta ce to, Allah shi kai mu. Sai daga baya na ji cewa tun makonni kafin nan ta gani, ranar da na sunkuya zan ɗora mata tulu hula ta zame. Ba ta gaya wa kowa ba, har uwarta. Da na tambaye ta dalili bayan shekaru, sai ta ce abin dariyar taubashi ba a cin sa a ɓoye, sai an tara jama'a.

Ranar Juma'a gari ya fashe. Ban san muna da yawa haka ba. Mata sun jeru a bayan danga, yara sun hau tsamiya, samari masu tabo sun zauna gefe guda kamar waɗanda aka kama da satar akuya. Har dattijon Bafulatanin nan ya zo, ya dogara da sandarsa a baya. Abin da ban so ba, na tarar an riga an tara karan dawa an kunna wuta. Na ce wa mai gari ai ba a yanke hukunci ba tukuna. Ya ce sanyi ake yi.

Na tsaya na yi jawabi. Na faɗi tarihin hular, da tekun da ta ƙetare, na ƙara mata wasu tekuna biyu daga wurina. Na faɗi tarihin fatata tun daga ranar suna. Sannan na cire hular da hannu biyu na miƙa wa kawu, na zauna a kan turmi, na ce wa wanzami bismilla.

Ya jiƙa sumar, ya fara daga goshi. Gaba ya fito sumul. Na ji jama'a suna cewa a'a, ashe yaron da gaskiyarsa. Ya aske dama, ya aske hagu, babu ko ɗigo. Na fara murmushi ina neman idon taubashiyata a bayan danga. Sai ya dafa kaina ya sunkuyar da shi, ya sa aska a ƙeya. Ya ja sau ɗaya, ya tsaya.

 

Wanzami ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, taso ka gani. Shekaruna nawa ina aski, ban taɓa gamuwa da uwar makero ba sai yau."

Na ce, "Tsoho, bar wasa."

Ya ce, "Ɗana, wanga ba a rufe shi da bakin ludayi, sai faifai. Har ya yi ƴaƴa a gehe, ga su nan huɗu suna bin shi."

Wanda ya fara dariya abokina ne, na san muryarsa. Daga nan abin ya kama kamar wutar daji. Wani yaro ya faɗo daga tsamiya don dariya, aka ɗaga shi yana ci gaba. Dattawa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna leƙa ƙeyata kamar masu duba rijiya, kowa ya leƙa ya ce Allahu akbar ya koma. Ni ina sunkuye ina kallon sumata a ƙasa, ni kaɗai ne a garin ban ga abin da ake kallo ba. Har yau ban gan shi ba. Duk abin da na sani game da shi ji na yi, kuma kowace shekara yana ƙara faɗi a bakin masu ba da labari.

Sai Bafulatanin nan ya matso, ya duba da kyau, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na san wannan. Na maraƙina ne. Mu in maraƙi yana da shi ba mu bari yara su rungume shi. Na so in gaya maka ran nan, amma na ga kana sauri ƴan mata suna kallo."

Wanzami ya ce, "To, kun ji. Daga maraƙi zuwa ƙeya, daga ƙeya zuwa hula, daga hula zuwa Urno. Ni dai askata tana cikin zabira."

Mai gari ya share hawaye ya ce a kawo hular. A nan dariya ta fita daga raina, ko da ma ba ni nake yin ta ba. Na dubi wutar, na dubi jar hular a hannun kawu, na tuna yadda nake kafin in same ta, gajeren maraya da ba a tambayar ra'ayinsa ko a kan kunu. Na ce a raina yau zan koma inda na fito, da ƙarin faifai a ƙeya. 

Kawu ya juya hular a hannunsa, ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, "Ranka shi daɗe, a bariki in ciwon hwata ya shiga cikin soja, likita ba ya ƙone kaya, in ba haka ba da tsirara munka yi yaƙi. Dahwa su akai cikin babbar tukunya, riga da wando da bargo, a shanya a rana. Hulag ga ba ta yi laihi ba, kai aka ba ta ta ɗauka. A dahwa ta."

Mai gari ya ce shi dai ba ruwansa, in dai ta daina hana aure a garinsa. Da yake wuta tana nan ba a so ta tafi a banza, nan take mata suka kawo tukunya, aka zuba ruwa da toka da ɗan kanwa. Taubashiyata da kanta ta karɓi muciya. Ta jefa hular tana juyawa kamar mai tuƙa tuwon biki, tana tambayar jama'a ko a sa gishiri. Ruwan ya yi ja wur kamar an yanka rago a ciki. Da aka tsamo ta aka shanya a kan danga, sai ga ta ta koma launin ƙasar tudu, ta tsuke, ta motse, ba ta fi murfin ɗan tulu ba.

Mu kuma aka kama mu gaba ɗaya. Wanzami ya aske duk samarin garin tas, kuma na lura tun daga ranar yakan ratsa askarsa cikin harshen wuta tsakanin kai da kai, ko da yake ya ce don sanyi yake yi, kada ƙarfe ya dami mutane. Aka sayo farar wuta a kasuwar Madawa, aka daka, aka kwaɓa da man shanun da Bafulatanin ya kawo, wai diyyar maraƙinsa. Kowace safiya mu jeru a gindin tsamiya a shafe mu, muna ƙyalli muna wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Iyaye mata da suka ga haka suka turo ƙananan yara su ma, layi ya kai har bakin masallaci. Aka fitar da tabarmi da tsummokaran matashin kai aka baza a rana. Ni ne a gaban layi kullum, don nawa ya fi cin magani, kuma samari suka naɗa ni sarkin makero, da kirari da komai. Na karɓi sarautar, don ni ban taɓa ƙin muƙami ba. Gaskiya ban taɓa yin dariya irin ta wannan sanyin ba. Mutum ba ya iya yin girman kai da man shanu yana gangaro masa a wuya, sai muka zauna muka riƙa ba juna labarin yadda kowa ya sha kunya a gaban budurwarsa, kowa yana ƙoƙarin nasa ya fi muni.

Wasu sun warke da wuri, wasu sai da aka sake zagaye. Yara kuwa, bayan shekara wasunsu sun sake kwasowa, don ba a raba yaro da kokawa da ɗan akuya. Aro bai mutu a garinmu ba, har yanzu ana yi, amma daga lokacin in ka dawo da hular wani, sai ta wuni a rana a kan danga kafin wani kai ya shige ta, kuma mai hula yakan ce wa mai aro ya juya ya ga ƙeyarsa. Abokina ya koma Urno kafin bazara da kai mai sheƙi, yarinyar ta ce yanzu ya girma.

Ni ma gashina ya dawo, ban da wani ɗan wuri da ya ƙi, wanda yanzu sanƙo ya zo ya haɗe shi da sauran, aka huta. Da lokaci ya yi, na ari rigar ɗan liman, na ɗauko hulata daga cikin ƙwarya inda Inna ta ajiye ta. Na yi na yi ta shiga, ta ƙi. Sai na ɗora ta a tsakar ka kamar yadda ake ɗora murfi, na tafi gidan kawu ina tafiya a hankali, wuya a sanƙare, kada iska ta ɗauke ta. Na ce da ita zan je, kuma da ita na je. Kawu ya gan ni, ya kau da kai yana tari, ya ce in turo manya.

Da na fito, na sami taubashiyata, wadda yau ke tsintar wake a tsakar gidana, a bakin zaure tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta san abin da ya kawo ni ba. Na gyara tsayuwa, na taɓa hular da yatsa ɗaya na ce, "Ki duba da kyau. Ko a haka, duk ƙasar Adar babu mai irin ta. Kuma ki shaida, ciwon da ya kada samarin gari guda, ni na ɗauke shi wata da watanni a ƙeya ko gezau ban yi ba."

Ba ta ɗago ba. Ta buga gefen rariya ta ce, "Ni ba kai nike tausai ba, gajere, ita nike tausai. Ta tahi yaƙin Turawa ta dawo lahiya lau, ƙeyarka ta kashe ta."